Yadda ake neman gurbin koyon kula da kayan fasaha a gidajen tarihi na Amurka

Fara da sanin matakinka, don guraben hawa-hawa ne, kuma takardu da yawa tun a zagayen farko ake ture su gefe saboda mai su ya nemi abin da ba nasa ba. Ɗalibin digirin farko, nasa shi ne sanin makamar aiki na bazara, kimanin mako 10. Mai digiri na biyu zai iya neman na shekara guda, irin na gidan tarihin Getty a Los Anjalis da ake farawa a Satumba. Tallafin bincike na gidan tarihin Metropolitan a Niyok da na cibiyar Smithsonian a Washinton kuwa, galibi na masu rubuta kundin digirin digirgir ne ko waɗanda suka gama. Wanda zuciyarsa ke kan fasahar zamani sai ya duba shirin nazari na gidan fasahar Whitney, wanda aka kafa a 1968.

Ka soma shiri da shekara guda. Yawancin guraben da ake shiga a Satumba tun tsakanin Oktoba da Disamba na shekarar da ta gabata ake rufe su.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardar bayanin aiki. Kada ka cika ta da cewa kana son fasaha tun kana yaro. Kowa ma haka yake rubutawa. Buɗe rumbun kayan gidan a intanet, ka zaɓi abu uku ko huɗu, ka ambace su da lambar rajistarsu. Lambar takan fara da shekarar da kayan suka shigo gidan, sai lambar rukunin da suka zo a ciki, sai ta abin shi kansa. Faɗi tambayar da kake son amsawa a kansu, da dalilin da ya sa hoto ba zai wadatar ba sai ka gan su ido da ido. Ma'aikacin sashen da zai karanta yana tambayar kansa ne: me zan yi da wannan mutum tsawon wata 12? In bincikenka bai taɓa kayan da ke hannunsa ba, komai kyansa ba zai ɗauke ka ba.

Samfurin rubutu ma a zaɓa da hankali. Wani ɓangare na aikin nan rubuta ɗan bayanin da ake liƙawa a bango ne kusa da zane, wanda ba kasafai yake wuce kalma 100 ba, saboda haka shafi 10 masu tsabta sun fi babi guda mai ɗaure kai. Wasiƙun shaida biyu ko uku ake nema. Sanar da malamanka da wata biyu, don in ɗaya ta makara, fom ɗin bai cika ba ke nan.

Sai kuɗi da biza. A 2019 ƙungiyar daraktocin gidajen fasaha ta yi kira a riƙa biyan masu koyon aiki, amma ka auna alawus ɗin da kuɗin haya a birnin, ka kuma tambaya ko da inshorar lafiya a ciki. Baƙo yakan shigo da bizar J-1, bayan an aiko masa da fom DS-2019, kuma ana iya cire harajin kashi 14 cikin 100 daga tallafinsa. Wasu guraben na 'yan ƙasa ne kawai ko masu izinin aiki, don haka karanta wannan sharaɗi kafin ka wahalar da malamanka.