Darasi na Tara: Idan Haihuwa Ta Zo da Gardama

Yawancin mata suna sauka lafiya. A yi barka, a yi suna, mai jego ta gama wanka ta koma ɗakinta. Wannan darasi a kan sauran ne, waɗanda haihuwa kan zo musu da gardama. An shirya shi don ajin mata da na maza duka, domin a galibin gidajenmu na Sakkwato mace ba ta fita sai da izinin maigida, kuɗin mota ma a aljihunsa yake. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, mata 512 ke rasa rayukansu. Malami ya rubuta lambobin nan a allo, kowa ya kwafa.

Jijjiga

Mu ɗauki misalin wata yarinya mai cikin fari wata takwas, a wani ƙauye bayan Gwadabawa. Zoben hannunta ya ƙi fita, takalmi ya matse ta, fuska ta yi suntum. Ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi. Uwar mijinta ta ce, "Ɗiyata, haka ciki yake, ki yi haƙuri." Kunyar ɗan fari ta hana ta sake magana. Wani dare sai ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga, haƙora a datse, kumfa a baki. Aka hura garwashi za a yi hayaƙi, aka tura yaro kiran mai ruƙiyya. Maƙwabciyarsu mai aiki a ɗakin shan magani ta shigo, ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Inna, wagga ta hawan jini ce. Ku tashi mu tahi, a yi addu'ar cikin mota."

Gaskiyarta. Akwai hawan jinin da ciki ke kawowa, yakan fara bayan wata biyar, kuma ya fi kama masu cikin fari, da masu tagwaye, da waɗanda dama suna da hawan jini. Idan awon jini ya kai 140/90, to akwai magana. Shi ya sa a wurin awo ake ɗaura wa mace abin gwaji a dantse, a kuma duba fitsarinta. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu. Wadda ta je sau ɗaya don ta karɓi kati kawai ba ta yi awo ba.

In mace ta fara jijjiga, a kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da wuta da ƙarfe daga kusa. Kada a cusa mata cokali a baki. Kada a ɗura mata ruwa, ko rubutu, ko jiƙo, don zai iya wucewa huhu. A asibiti akwai allurar maganiziyam salfet mai tsayar da jijjiga, amma ciwon ba ya rabuwa da ita sai an raba ta da cikin, ko ta hanyar ta da naƙuda ko ta tiyata. Idan likita ya kawo takarda, maigida ya sa hannu nan take. Jiran a je gida a shawarci dattawa ya cinye mata da yawa. Kuma jijjiga kan zo ko bayan an sauka, cikin kwanakin farko.

Zubar jini

Wannan ya fi kowanne sauri. Mace mai ƙarfinta tana iya tafiya cikin awa biyu. Jinin da ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiyawata guda, ya wuce na biƙi. A gida babu mai aunawa, don haka a dubi zane. In ta jiƙa zane sharkaf, aka canja ta jiƙa wani, ko gudaji na faɗowa, ko ta ce tana jin jiri da ƙishirwa, jikinta ya yi sanyi, ba sauran jira.

Yawanci mahaifa ce ta ƙi tsukewa, ko mabiyiya ta ƙi fita, ko an samu yagewa. Kada ungozoma ta ja cibiya da ƙarfi. Kafin mota ta iso, a riƙa murza mata mara har a ji mahaifa ta yi tauri, a sa jariri a nono, a taimaka mata ta yi fitsari. A asibiti ana yi wa kowace mai haihuwa allurar oksitosin mai tsuke mahaifa da zarar jariri ya faɗo. Tun 2013 aka fara raba ƙwayar mizofrostol mai rage zubar jini a ƙauyukan jihar Sakkwato don masu haihuwa a gida: ƙwaya 3, bayan jariri ya fito kuma an tabbatar babu na biyu a ciki. Shan ta don a hanzarta naƙuda ganganci ne, tana iya fasa mahaifa.

Naƙudar da ta wuce awa 12 ita ma ta asibiti ce. Kan jariri yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu, daga nan yoyon fitsari. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, shi ma yoyon yake jawowa. Ana gyara yoyon fitsari a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha da ke cikin birnin Sakkwato.

Abin da za a shirya tun ciki na wata bakwai

Haƙa rijiya ranar wanka ba ya yi. Maigida ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa: "Ko ba na gari, ku kai ta, na ba da izini." Masu zuwa cin rani su yi wannan kafin su ɗauki jaka. A ware kuɗi, ko na akuya guda ne, kada a taɓa. A riƙe lambar mai mota ko mai keke-napep da zai ɗauki waya cikin dare. A san 'yan'uwa biyu masu lafiya da za su ba da jini, kuma ba da jini ba ya nakasa namiji. Inda hanya ke yankewa da damina, ko inda ba a bin hanya da dare saboda rashin tsaro, gara mace ta koma wurin dangi kusa da asibiti in watanta ya kama.

Bayan an sallamo ta

A nan muke yawan sakaci. Hankali ya koma kan jariri da ragon suna, ita kuwa an ce ai ta tsira.

Wadda ta zubar da jini za ta daɗe tana jin jiri da kasala. Ta sha maganin ƙarin jini har wata uku, ko da ta ji sauƙi. A ba ta hanta, wake, ƙwai, kifi, zogale, gwargwadon hali. Wadda aka yi wa tiyata kada ta yi daka, ko ɗaukar tulu, ko jan guga har sati shida, amma ta riƙa ɗan takawa a tsakar gida. Wurin ɗinki ya zauna a bushe. Wankan jego da ruwa mai ɗumi ba laifi, amma tafasasshen ruwan da ake fyaɗa wa mace da ganye har fata ta saɓule bai dace da mai ɗinki ko mai hawan jini ba. Kunun kanwa kuwa, kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ta da jini. Wadda ta yi jijjiga ta bar shi, ko da gwaggo za ta yi fushi.

Akwai ciwon zuciya da ke kama masu jego, kuma yankinmu na cikin inda ya fi yawa a duniya. Wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka buga a 2007, ya samu kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Alamarsa haki, kumburin ƙafa, tarin dare, da kasa kwanciya sai an tara matasai. A mayar da ita asibiti. Haka nan in ta yi zazzaɓi, ko jinin biƙi ya yi wari, ko ciwon kai ya dawo. Ko babu komai, a duba ta a kwana na 3, da cikin sati na biyu, da sati na shida.

Wata ciwonta ba ya ganuwa. Ta daina barci, ta yi ta kuka, ba ta son ɗaukar jaririn, musamman in ta ga mutuwa da idonta ko ɗan bai zo da rai ba. Kada a ce mata ba ta da tawakkali. A zauna da ita, a karɓar mata aiki, in abin ya wuce sati biyu a gaya wa ma'aikaciyar lafiya, akwai magani.

Sai maganar ciki na gaba. Masana lafiya sun ce a jira shekara biyu kafin a ɗauki wani, daidai da shekara biyun shayarwa da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara. Wadda aka yi wa gyaran yoyon fitsari ba ta komawa shimfiɗar miji sai likita ya yarda, aƙalla wata uku, kuma haihuwarta ta gaba ta tiyata ce. Duk wadda ta taɓa jijjiga, ko zubar jini, ko tiyata, ta adana takardar sallama cikin leda, ta nuna ta ranar awon farko, ta kuma haihu a asibiti.

Aikin gida

Kowa ya rubuta a littafinsa sunan asibiti mafi kusa da garinsu inda ake tiyata da ƙarin jini. A ƙasa ya rubuta lambar wayar mai mota, da kuɗin da yake karɓa da dare. Wanda bai sani ba ya tambayo, a karanta a aji ranar darasi mai zuwa.