Yadda Ake Zaɓen Garin Tagulla da Gasa Shi a Masana'anta

Tagulla haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, saboda haka duk wanda zai sayi garinta ya fara tambayar yawan tutiyar da ke ciki, domin ita ce ke sauya launin garin da ƙarfinsa da halinsa a cikin wuta. Nau'o'in da aka fi samu su ne masu tutiya kashi 10, 20 da 30 cikin ɗari. Mai kashi 10 ja-ja ne, mai kashi 30 kuma rawaya ne fes. Wasu ana ƙara musu dalma kashi 1 zuwa 2 don su yi sauƙin yanka da hudawa.

Daga nan sai a duba siffar ƙwayoyin. Garin da aka samu ta hanyar fesa iska mai ƙarfi a kan narkakkiyar tagulla yana da ƙwayoyi masu gargada waɗanda ke kama juna, kuma shi ne ake matsawa a mazubi don ƙera kaya. Wanda aka niƙa da ƙwallayen ƙarfe har ya zama falle-falle, aikinsa ba da ruwan zinare a tawada da fenti, don haka kada a kai shi injin matsi.

Idan kayan ƙira ake so, irin su hanjin kwaɗo da ƙananan giyar inji da noti, sai a gauraya garin da sinadarin santsi, galibi sitiyaret na litiyam, kimanin rabin kashi zuwa kashi 1 cikin ɗari, don kayan su fita daga mazubi ba tare da tsagewa ba. A matsa shi da ƙarfin megafaskal (ma'aunin ƙarfin matsi) 400 zuwa 700. Abin da zai fito yana da siffar da ake nema, amma ɗanye ne, hannu ma yana iya karya shi.

Gashi shi ne inda aka fi asara, kuma a ganina nan ya kamata a sa ƙwararren ma'aikaci. Ana gasa tagulla tsakanin digiri 815 da 925 a ma'aunin Selsiyas, gwargwadon nau'inta, alhali tutiya tana tafasa a digiri 907, kuma tun kafin a kai nan take fara tashi kamar tururi. Idan ta tsere, fatar kayan takan yi ja, ta yi ramuka, nauyi ya ragu. Maganin wannan shi ne a jera kayan a faranti mai murfi, a cika tanderu da iskar naitirojin da haidirojin don hana tsatsa, sannan mai yawan tutiya a gasa shi a ƙananan digiri, kada kuma a tsawaita lokaci.

Farin hayaƙin tutiya yana jawo zazzaɓi da ciwon jiki ga wanda ya shaƙe shi, saboda haka tilas a sa bututun fitar da hayaƙi, ma'aikata su sa takunkumi mai tace ƙura. Ragowar garin kuma a rufe shi a busasshen wuri, nesa da laima, domin damshi yana dusashe launinsa.