Darasi na Bakwai: Shirin Cinikin Sallah ga Masu Kasuwanci ta Waya

A darasin da ya gabata mun koyi yadda ake rubuta jari da riba a littafi. Yau za mu kai wannan ilimin kasuwar da da yawanku ke ci ba tare da kun taka ƙofar gida ba, wato kasuwar waya. A cikinku akwai mai ɗora atamfa a sitatus na WhatsApp, akwai mai humra da turaren wuta a Instagram, akwai mai huluna da takalma a Facebook ko Jiji, wani ma ya yi rajista da Jumia. Dukkanku lokaci guda kuke jira a shekara, gabatowar Sallah. A lokacin ne magidanta ke fito da kuɗi. A lokacin ne kuma ƙananan 'yan kasuwa da yawa ke sayar da kaya har su gaji, Sallah ta wuce su duba asusu su tarar jarin ma ya zaizaye. Abin da ke jawo haka shi ne shelar rangwame kafin a yi lissafi.

Ku fara da duban wata

Sallah ba ta da tsayayyar rana a kalandar Turawa. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, shi ya sa kowace shekara Sallah ke zuwa da wuri fiye da ta bara. A Najeriya an yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu a 2024, a 2025 kuwa ranar 30 ga Maris. Saboda haka kada wani ya ce, "Ai bara a wata kaza na yi sari." Ku nemi kalanda mai watannin Musulunci ku rataye, ku sa alama a kan 1 ga Sha'aban. Ranar ce farkon shirinku.

Mai sayar da yadi, tela ne ke yanke masa lokaci. Kowa ya san da azumi ya yi nisa teloli ke rufe karɓar ɗinki. Idan atamfa ko shadda ko leshi kuke sayarwa, cinikinku mai ƙarfi yana tsakanin Sha'aban da goman farko na azumi. Wanda ya bari sai goman ƙarshe ya nufi Kantin Kwari yin sari, zai tarar da cunkoso, farashi ya hau, zanen da ake yayi ya ƙare, kuma ko ya samo, kwastomarsa ba ta da telan da zai karɓa. Goman ƙarshe na masu kayan da ba sa buƙatar ɗinki ne: abaya, mayafi, takalma, jaka, hula, kayan yara na kanti, turare, da cincin da dubulan. Tun ran gini tun ran zane.

Babbar Sallah tana zuwa ranar 10 ga Zulhajji, kwana saba'in ko kusa da haka bayan ƙarama, kuma halinta daban ne. Kuɗin maigida ya tafi wajen rago. Gidaje da yawa kayan ƙaramar Sallah ake maimaitawa. Ina ba ku shawara kada ku zuba jari mai yawa a tufafi a wannan lokacin. Masu yaji, kayan ƙamshi, man gyaɗa, wuƙaƙe da manyan tukwanen suya su ne kasuwarsu ke buɗewa.

Nawa kayan suka tsaya muku?

Nan ne zuciyar darasin, don haka kowa ya fito da biro da littafinsa.

A ce wata baiwar Allah ta saro atamfa turmi 20, kowane turmi a kan ₦9,000. Jimla ₦180,000. Idan aka tambaye ta nawa turmi ya tsaya mata, za ta ce dubu tara. Ba haka ba ne. Ta biya kuɗin mota da na ɗan dako ₦6,000. Ta sayi leda da salatif ₦2,000. Ta sa data da cajin waya ₦4,000. Waɗannan ukun sun kama ₦12,000. A raba ₦12,000 gida 20, kowane turmi ya ɗauki ₦600. Ashe turmi ya tsaya mata a kan ₦9,600.

Tana sayarwa ₦12,000. Ribarta a kowane turmi ₦2,400. Idan duka suka fita, ta samu ₦48,000.

Sai ta ga maƙwabciyarta ta rubuta a sitatus, "Rangwamen Sallah, kashi 10 cikin 100!" Ita ma ta kwaikwaya. Hanya mafi sauƙi ta gane kashi 10 cikin 100 ita ce a goge sifiri ɗaya na ƙarshen farashi. A goge sifirin ƙarshe na 12,000, saura 1,200. Wannan ne abin da ta rage. Yanzu turmi ya koma ₦10,800, riba ta koma ₦1,200.

Ku dubi abin da kyau. A bakin mai saye, kashi goma ɗan kaɗan ne. A littafin mai sayarwa kuwa, rabin riba ne ya tafi, domin ragi daga riba yake fita, ba ya taɓa kuɗin da ɗan sari ya riga ya karɓa. Kafin ta maido da ₦48,000 ɗin nan sai ta sayar da turmi 40, ninki biyu ke nan, da ninkin wahala da ninkin jari. Idan ta kai ragin kashi 20 cikin 100, wato ₦2,400, ta sayar a kan ₦9,600, ko sisi ba ta ci ba. Idan kuma a kan ragin kashi goman ta ƙara da cewa kai kaya kyauta ne, ta biya ɗan sahu ₦1,500 daga aljihunta, abin da ya shigo hannunta ₦9,300 ne. Ta faɗi da ₦300 a kowane turmi, kuma duk yadda ciniki ya ƙara yawa, haka faɗuwar ke ƙaruwa. Irin wannan faɗuwa tana ba ni tausayi ƙwarai, saboda mai ita tana cikin murna take yinta, waya na ta ƙara, alat na ta shigowa.

Masu sayarwa ta Jumia suna da ƙarin layi a lissafinsu. Kamfanin yana cire la'adarsa daga kowane ciniki, kuma la'adar ta bambanta gwargwadon irin kaya. Ku duba ta kayanku kafin ku amince da shiga kowace irin garaɓasa, har da wadda suke yi a watan Nuwamba. Masu biyan Jiji ko Facebook don a ɗaga musu talla, su ma su zuba wannan kuɗin cikin abin da kaya suka tsaya musu.

Kafin ku furta kalmar rangwame, ku rubuta lamba ɗaya a gefen kowane kaya a littafinku: farashin da in an taya ƙasa da shi, amsar ita ce "albarka". Wannan lambar taku ce ku kaɗai, ba a ɗora ta a waya.

Ragin da ba ya cin jari

Ba cewa nake a daina rangwame ba. Mutane na son sauƙi, balle a watan da hidima ta yi wa kowa yawa. Amma a zaɓi inda za a yi shi.

Mafi dacewa da ragi su ne kayan da suka yi kwantai. Zanen bara da yayinsa ya wuce kuɗi ne a kwance. Ko a kan uwar kuɗi aka sallama shi an ci gaba, don jarin ya dawo hannu a sari na yayi. Sabon kaya da ake rububi kuwa, me zai sa a rage masa?

Sai ragi ga mai sayen da yawa. Mu koma ga mai atamfar nan. Turmi uku a farashinta ₦36,000 ne. Idan ta ce mai ɗaukar uku ya kawo ₦34,500, su ukun sun tsaya mata ₦28,800, ta ci ₦5,700 a ciniki guda, leda ɗaya, aike ɗaya. Magidanci mai iyali da yawa zai ji daɗi, ita ma ba ta cutu ba.

Akwai kuma gyara, wadda iyayenmu suka sani tun kafin a ƙirƙiro waya. 'Yar kwalbar humra ko hankici da bai fi ₦300 ba yakan zauna a ran kwastoma fiye da ragin dubu, kuma farashinku na nan bai karye ba. Farashin da aka karya da azumi, da wuya ya miƙe bayan Sallah.

Dabara ɗaya ce nake roƙonku ku guje mata: a ɗaga farashi a ɓoye sannan a ce an rage. Kayan ₦12,000 a rubuta "da ₦15,000 ne, yanzu ₦12,000". Wannan ha'inci ne. Manzon Allah (SAW) ya taɓa sa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kwastomar da ta ga kayan a sitatus ɗinku watan jiya ma ba ta manta farashin ba.

Hoto da rubutun talla

Ku ɗauki hoto da rana, a inuwa, kada a ƙara masa kala. Rigimar "ba wannan na gani ba" yawanci daga hoto take farawa. A ƙarƙashin kowane hoto a rubuta sunan kaya, yawansa da farashinsa cikin lambobi. Turmin atamfa yadi shida ne, in naku bai kai ba ku faɗa. Wanda rubutu bai gama zauna masa ba yana iya bayani da saƙon murya, amma farashi dai a rubuta shi, don rubutu ne shaida ranar da aka yi musu. Ga misali, ku kwafa a littafinku:

*Atamfa, turmi ɗaya yadi 6, ₦12,000. Mai ɗaukar uku ₦34,500. Kuɗin mota na mai saye ne. Za mu rufe aika kaya wasu garuruwa ranar 24 ga azumi.*

Sitatus awa 24 yake yi ya goge, kuma sai wanda kuka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taku ne zai gani. Don haka duk wanda ya taɓa sayen kayanku, ku roƙe shi ya ajiye lambarku tun kafin azumi. Bayan buɗa-baki da bayan asham mutane sun fi riƙe waya.

Karɓar kuɗi da aika kaya

Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, macuta ma suka saba. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Ku buɗe manhajar bankinku, ko Opay ne ko Moniepoint ko wani, ku ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki, sannan kaya su fita. Za a matsa muku, musamman ana gobe Sallah:

"Haba Hajiya, ga rasit na turo miki, mota za ta tashi."

"Ka yi haƙuri Alhaji, na ga rasit, amma ba su shigo ba tukuna. Da sun shigo zan ba yaro ya kai tasha."

Wannan amsar ta isa, ba faɗa ba cin fuska. Lambar sirri ta asusunku da lambar da banki ke turowa ta saƙo kuwa ba a faɗa wa kowa, ko ya ce daga banki yake.

Mai cewa a ajiye masa kaya ya ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar da zai cika. Bashin "sai bayan Sallah" ku san wanda za ku ba, ku kuma san iyakarsa, don bayan Sallah aljihun kowa a bushe yake.

Idan ta tasha za ku aika, ku rubuta sunan mai kaya, garinsa da lambarsa a jikin ƙunshin da manyan baƙaƙe. Ku karɓi lambar direba da lambar mota, ku ɗauki hoton ƙunshin, ku tura wa mai shi. Kwanakin ƙarshe motoci na cika da masu tafiya gida, kuɗin mota na tashi, kaya na kwana a hanya. Shi ya sa a misalin tallar nan aka sa ranar rufewa. Gara ku ce wa mutum lokaci ya ƙure da ku karɓi kuɗinsa kayan 'ya'yansa su isa bayan an sauko daga idi.

Aikin gida

1. Wani ya saro huluna 30 a kan ₦2,500 kowace. Ya kashe ₦6,000 a mota, leda da data. Nawa hula ɗaya ta tsaya masa?
2. Yana sayarwa ₦3,500. Nawa ce ribarsa a hula ɗaya? Idan ya rage kashi 10 cikin 100, nawa ta koma?
3. Ku zaɓi kaya uku daga cikin naku. Ku rubuta abin da kowanne ya tsaya muku, farashin sayarwa, da farashin "albarka".
4. Ku rubuta talla ɗaya da hannunku, mai ɗauke da suna, yawa, farashi da ranar rufe aike. Ku zo da ita aji mako mai zuwa, za mu karanta wa juna a gyara kafin a ɗora.