Shuka tafarnuwa da albasa bayan kaka, da kula da su cikin hunturu

Tafarnuwa sanyi take so kafin ta yi kai. Shi ya sa manoman fadamar Goronyo da Wurno ba sa bari Nuwamba ya wuce ba su shuka ba. Wanda ya kai ƙarshen Disamba, zafin Maris zai riski amfaninsa yana ƙarami, a tono ƙananan kawuna.

Kada a ɓare kan tafarnuwa sai ana gobe shuka. A zaɓi manyan ƙwayoyin gefe, na tsakiya masu sirantaka a kai su kicin. A bar wa kowace ɓawonta, a dasa ta tsinin yana kallon sama, zurfin santimita 3 zuwa 5, tazarar santimita 10, tsakanin layi da layi kuwa 15 zuwa 20. Ƙwayar da aka kifa takan fito a makare kuma a karkace. Taki ya zama wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma kawo ciyawa.

Albasa kuwa da reno ake farawa, kamar yadda ake yi a Aliero da Galmi. A yafa iri a watan Oktoba, a dasa bayan kwana 40 zuwa 45, lokacin da kaurinta ya kusa na fensir. Kilo 4 zuwa 5 na iri ya ishi hekta guda. Dashen da ya tsufa a wurin reno, in sanyi ya buge shi, fure yake fitarwa, kuma albasar da ta yi fure ba ta ajiyuwa.

Abin tsoro a hunturu iska ce. Tana busar da saman ƙasa cikin yini, alhali saiwar waɗannan amfanin ba ta nisa. A kafa shingen kara ta gabas da arewa, a shimfiɗa tattakar shinkafa tsakanin layuka, amma kada ta rufe wuyan shukar. Ban ruwa kaɗan-kaɗan, duk kwana 3 ko 4 a ƙasa mai rairayi, mako guda a mai laka. Ruwan da ya kwana a fangali ruɓa yake jawowa.

A riƙa buɗe tsakiyar ganye ana dubawa. Akwai wasu ƙananan ƙwari, ba su kai ƙwayar gero ba, da ke ɓuya a nan suna tsotse ganyen har ya yi fari-fari. Suna yawaita da zarar sanyi ya fara ja baya, kuma feshin da bai shiga cikin matsatsin ba asarar kuɗi ne.

Takin zamani na yuriya sau biyu ya wadatar, mako 3 da mako 6 bayan dashe. Da kai ya fara kumbura a dakatar, in ba haka ba wuya zai yi kauri ya ƙi bushewa. Idan rabin ganyen albasa ya kwanta, ko na tafarnuwa ya yi rawaya daga ƙasa, a yanke ruwa kwana 10 zuwa 14 kafin a tona, sannan a shanya a inuwa.