Darasi na Tara: Birkin Mota Mai Haɗa Fetur da Lantarki

Motar da ake kira haibirid tana tafiya ne da inji biyu, na fetur da na lantarki. Kamfanin Toyota ya fitar da Prius a Japan a shekarar 1997, kuma yanzu irin waɗannan motoci suna cikin na hannu da ake shigo mana da su daga ƙasashen waje. Direbobi da yawa suna kukan cewa birkinta ba ya tsayawa a hali ɗaya idan ana tafiya a hankali: wani lokaci ya cafke da ƙarfi har fasinja ya dungura gaba, wani lokaci kuma ya yi kamar ya saki.

Dalilin shi ne birki biyu ne ke aiki a ƙarƙashin ƙafarka. Idan ka taka a hankali motar tana gudu, injin lantarki ne ke juyewa ya zama janareto, ya riƙe tayoyi, ya mayar da ƙarfin gudun ya zama caji a batir. Amma wannan riƙo yana raguwa yayin da gudu ke raguwa, har ya ƙare idan an sauko wajen kilomita 10 a awa, sai kwamfutar motar ta miƙa aikin ga birkin da kowa ya sani, mai aiki da man birki. Kamar lebura biyu ne masu miƙa wa juna buhu: idan hannuwansu ba su haɗu daidai ba, sai buhun ya girgiza.

Wurin da ya fi bukatar kula shi ne hanya mai gargada ko santsi. Idan taya ta faɗa rami ko ta zame a kan yashi, na'urar ABS mai hana taya kullewa takan shigo, sai motar ta yanke birkin lantarki nan take, kuma a ɗan tsakanin nan direba zai ji kamar motar ta zabura gaba. Wannan ba zato ba ne, domin a watan Fabrairun 2010 Toyota ta yi kiranyen motoci sama da 400,000 a duniya, mafi yawansu Prius samfurin 2010, don gyara manhajar da ke sarrafa birkin. Duk mai irin wannan mota ya kamata ya bincika ko an yi mata gyaran.

To, me direba zai yi? Ya dafe ƙafarsa a kan birki, ya ƙara dannawa, kada ya riƙa ɗagawa yana sake takawa kamar yadda aka saba a tsofaffin motoci, domin hakan ƙara tsawon tsayawa yake yi. Ya bar tazara tsakaninsa da na gabansa a cunkoso, ya kuma rage gudu tun kafin ya isa rami. A doguwar gangara, idan batir ya cika, birkin lantarki yakan ragu. A nan ne giyar da aka yi wa alamar B a Prius take da amfani, don injin fetur ya taimaka wajen riƙe motar.

Sai dai ba kowane canji ne halin motar ba, kuma a ganina nan ne sakaci ya fi haɗari. Idan fitilar birki ko ta ABS ta kama, ko birkin ya yi laushi yana nutsewa, ko famfon birkin yana yawan kuka ba hutawa, a ajiye motar, a nemo bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar haibirid. A ce masa ya duba man birki, da ƙaramin batir mai volt 12, da faifan birki, wanda yakan yi tsatsa a damina saboda ba a yawan aiki da shi.