Yadda iyaye za su auna awannin tirenin, kuɗi da ingancin koci kafin zaɓar wa yaro kulob ɗin jimnastik

Yawanci maganar ba ta tashi sai ranar da koci ya ja ku gefe bayan aji ya ce "yarinyar nan fa tana da baiwa, ya kamata mu ɗauke ta daga ajin wasa mu sa ta cikin masu zuwa gasa". Daɗi zai kama ku, dole. Amma ku sani daga wannan maganar awa ɗaya ko biyu da take yi a sati za ta koma shida, ta koma tara, in aka shekara biyu kuna iya ganin sha biyu ko fiye, kuma kuɗi ma haka zai dinga hawa yana bin awannin a baya. Toh kar ku ba da amsa a tsaye a bakin ƙofa, ku ce za ku yi shawara.

Abu na farko, ku tambayi kanku me ake nema. Jimnastik kala biyu ne a kusan kowane kulob: akwai ajin motsa jiki inda yaro ke koyon alkafura, tsayuwa da hannu, tsalle da sauka lafiya, sau ɗaya ko biyu a sati, sannan akwai layin gasa. Na farkon ba ƙaramin abu ba ne, yaron da ya yi shi shekara biyu uku zai samu ƙarfin kafaɗa da ciki da iya sarrafa jiki wanda zai amfane shi ko ƙwallo ya koma ko ninƙaya. Wasu wuraren kuma suna da layi na tsakiya, a Amurka misali akwai tsarin matakai daga 1 zuwa 10 akwai kuma wani da ake kira Xcel wanda ake zuwa gasa amma da ƙarancin awanni. Ku tambaya ko kulob ɗin na da irin wannan, don sau da yawa ba za a faɗa muku ba sai kun tambaya.

Yanzu maganar awanni, wadda ita ce ta fi ruɗa iyaye. Za ku ji ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wai in ba a matsa wa yarinya tun tana shekara shida ba ta makara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki tunda laushin jiki ya fi zuwa da ƙuruciya, amma fa duniyar wasan ta canza. Nadia Comaneci, 'yar jimnastik ta ƙasar Romaniya, tana da shekara 14 ta ci maki 10 cif, wato cikakken maki a lokacin, a Olamfik na Montreal a 1976, kuma shekaru da yawa kowa ya ɗauka dole 'yar wasa ta kai ƙololuwa tun tana ƙarama. Tun 1997 hukumar wasan ta duniya, FIG, ta ce sai mace ta cika 16 a shekarar gasar kafin ta shiga sahun manya. Simone Biles, 'yar jimnastik ta Amurka, tana da 27 ta lashe zinaren gasar duka-na'urori, wato wadda ake haɗa makin dukkan kayan wasan, a Olamfik na Faris a 2024. Kenan gaggawar me ake yi da 'yar shekara bakwai?

Akwai ma'auni mai sauƙi da ƙungiyar masu kula da lafiyar 'yan wasa ta Amurka ta fitar a 2019: kar awannin tirenin a sati su wuce shekarun yaro. Ɗan shekara 8, awa 8 ke nan iyaka, kuma a ba shi hutun kwana biyu a sati. Gaskiya kulob-kulob na gasa da yawa suna tsallake wannan layin, kuma ba na cewa duk wanda ya tsallake mugu ne, amma in za a tsallake ku tambayi dalili, ku ji ko koci na da amsa ko dai kawai "haka muke yi a nan". Dalilin ma'aunin shi ne ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, a ƙarshen dogayen ƙasusuwa akwai wani ɓangare mai laushi da tsawo ke fitowa daga shi, kuma a jimnastik wuyan hannu ne ke ɗaukar nauyin jiki gaba ɗaya sau ɗaruruwa a sati, shi ya sa ciwon wuyan hannu ya yi suna a wasan har likitoci suka sa masa sunan 'yan jimnastik. Sai ciwon dunduniya, sai ƙasan gwiwa, sai ƙugu saboda yawan lanƙwasa baya. Ciwon baya da ya wuce sati biyu a jikin yaro ba na shafa man zafi ba ne, na likita ne.

Ku haɗa da barci ma. Yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a dare. Ku zauna da biro ku rubuta: tashi daga makaranta ƙarfe nawa, hanya minti nawa zuwa da dawowa, tirenin awa nawa, cin abinci, aikin gida na makaranta. In lissafin bai bar wurin barci ba toh jadawalin bai yi ba, ko da kocin wane ne.

Sai kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi kuɗin wata kawai a tafi. Kuɗin wata kam shi ne mai sauƙin gani, sauran suna ɓoye: rajistar shekara da inshora a hukumar wasan, rigar gasa wadda sau da yawa kulob ke zaɓa ba ku ba kuma yaro na girma ya fi ƙarfinta, kayan ɗumama jiki da jaka, fatar hannu da ake ɗaurawa don lilo a sanda, kuɗin shiga kowace gasa, kason ku na mota da masaukin koci in an yi tafiya, kuɗin wanda zai tsara wa yarinya rawar fili da kiɗanta in ta kai matakin, sansanin hutu da za a ce ba dole ba ne amma kowa ya san dole ne, ga naku kuɗin motar da tikitin shiga kallo. Ku ce a rubuto muku jimillar shekara guda a takarda, na matakin da za ta shiga da na mataki biyu a gaba. Wannan na biyun shi ne mai muhimmanci, don cire yaro daga wasan da ya riga ya shiga ransa saboda aljihu ya gaza ya fi ciwo nesa ba kusa ba akan a ce tun farko a tsaya a ajin sati-sati. In mai kulob ya fara kame-kame ya kasa ba ku jimilla, ku nemi iyayen da 'ya'yansu suka daɗe a wajen, su ai sun san abin da suka kashe.

Akwai wani tarko a lissafin. In kun raba kuɗin wata da yawan awanni za ku ga kusan kullum mai awanni da yawa ya fi araha a kowace awa. Misali kulob ɗaya na ba da awa 6 a sati, ɗayan awa 12 amma kuɗinsa ninki ɗaya da rabi ne kawai, sai ka ga kamar ka tsinci dami a kala. Alhali tambayar ita ce a cikin awa 12 ɗin nan minti nawa yaron yake yi a kan na'ura, minti nawa yake tsaye a layi yana wasa da yatsun ƙafa?

Nan ne ingancin yake, kuma ba a gane shi a hoton lambobin yabo da aka jera a bango. Ku je ku zauna ku kalli tirenin guda daga farko har ƙarshe, ba ajin gwaji da aka shirya don baƙi ba, na ranar aiki dai, kuma na rukunin da ɗanku zai shiga. Ku zaɓi yaro ɗaya ku dinga ƙirga sau nawa ya hau. A ce an ba rukuni minti 15 a kan katakon daidaito, wanda faɗinsa santimita 10 ne kacal, kowane hawa da gyaran koci rabin minti, in yara 12 ne a katako ɗaya ba kowa ne zai samu hawa uku ba. Koci mai kyau ba ya barin haka, zai shimfiɗa layi a ƙasa, ya ajiye ƙaramin katako a gefe, ya ba wasu motsin ƙarfafa ciki, kowa na aiki ba mai zaman jira. Awa 6 a hannun irin wannan ta fi 12 a hannun wanda ke danna waya.

Ku saurari yadda yake gyara. "Miƙe gwiwa, matse ciki, kalli hannunki" gyara ne. "Ke kullum ba kya ji" ba gyara ba ne, huce haushi ne. Ku duba in yaro ya ji tsoron wani motsi me ake yi, ana mayar da shi mataki na baya a kan katifa mai laushi ko ramin soso har ya samu natsuwa, ko ana tsayar da shi a gaban 'yan uwansa har sai ya yi kuka? Tsoro a wasan nan ba ragwanci ba ne, Biles da kanta ta janye daga wasan ƙarshe na ƙungiya a Olamfik na Tokyo a 2021 saboda ta daina gane inda jikinta yake in tana juyi a sama, kuma wanda ya sauka da wuya a irin wannan yanayi ba a maganar lambar yabo kuma. Ku kalli kayan aikin ma, katifu ba su yage ba, babu rata a tsakaninsu, akwai akwatin taimakon gaggawa da wanda ya iya amfani da shi. Sannan ku kalli manyan yaran kulob ɗin, 'yan 14 da 15. Suna nan kuwa? In duk ƙanana ne kuma an ce kulob ya daɗe, ku tambaya ina manyan suka tafi.

Maganar da ba a son yi amma dole: tsaron yaro. Larry Nassar likitan tawagar Amurka ne, ya yi shekaru yana cin zarafin 'yan mata da sunan magani, a 2018 kotu a Michigan ta yanke masa shekara 40 zuwa 175. A Birtaniya rahoton Whyte na 2022 ya bankaɗo yadda ake zagin yara, ana hana su abinci, ana sa su tirenin da rauni a jiki, bayan nan ne hukumar wasan ta can ta hana koci-koci auna nauyin 'yan wasa. Duk waɗannan a manyan wurare masu suna da tsada aka yi su, don haka tsada ba ta wanke kowa. Kulob ɗin da ya ce iyaye ba sa kallo sam, ko babu taga babu kyamara, ku juya. Ku tambaya kai tsaye: wace takardar koyarwa koci ke da ita kuma daga wace hukuma, an binciki tarihinsa, akwai dokar cewa babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya, koci na tura wa yara saƙo a waya ba da sanin iyaye ba, wa ake kai wa ƙara in abu ya faru? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin. Kuma duk ranar da 'yarku ta dawo tana cewa an ce ta yi ƙiba ko ta fara rage cin abinci, a ranar za ku je, ba sai ƙarshen wata ba. In ta kai 15 ba ta fara al'ada ba, ko ta fara ta ɗauke wata uku, ku ga likita kar wani ya ce muku haka 'yan wasa suke.

In kun gamsu, kar ku biya shekara guda a dunƙule ko da an yi muku ragi. Ku nemi gwajin wata biyu ko uku, ku lura da yaron a gida: yana ɗokin tafiya ko ciwon ciki na kama shi duk ranar tirenin, makin makaranta ya sauka, yana ɗingishi da safe? Sannan ku karanta takardar yarjejeniya kafin sa hannu, musamman wuri uku: sanarwar sati nawa ake bayarwa kafin a fita, ana ci gaba da cajin kuɗin wata in yaro ya ji rauni likita ya ce ya huta, kuma in kun ce a rage masa kwana ɗaya a sati lokacin jarabawa za a yarda ko za a cire shi daga rukunin.