Yadda ake cin moriyar littafin soyayyar Kirista mai labarin zamanin da

Tun kafin ki buɗe irin wannan littafi kin san ƙarshensa: za a ɗaura aure. In don ki gano ko jarumin zai samu jarumar kike karatu, kin yi asarar kuɗinki. Abin da ake bi shi ne wahalar da za su sha kafin su kai, da yadda zamaninsu da bangaskiyarsu suka ɗaure musu hannu. Ga yadda nake yi, na kuma ga yana fisshe ni.

Fara da zaɓen zamani, kada bangon littafi ya ruɗe ki. Yawancinsu da Turanci ake rubuta su a Amurka, kuma wurare uku suka fi yawa: yammacin Amurka a ƙarni na 19, Ingila tsakanin 1811 da 1820 lokacin da yarima ya riƙe wa mahaifinsa George na Uku sarauta, sai zamanin Littafi Mai Tsarki da daular Rum. Sabon shiga ta fara da na yammacin Amurka, Turancinsa ya fi sauƙi. Da shi ma kasuwar ta buɗe sosai, bayan kamfanin Bethany House ya buga littafin farko na Janette Oke, 'yar Kanada, a 1979.

Mataki na biyu shi mutane suka fi tsallakewa, alhali nan naman yake. Ki ba da minti goma ki san dokar zamanin. A 1862 Amurka ta yi dokar da ta ba duk magidanci ko wanda ya kai shekara 21 fili eka 160, da sharaɗin ya zauna a kai ya noma shi shekara biyar kafin ya zama nasa. Zawarawa da matan da ba su yi aure ba su ma suna da damar nema. To ki ɗauki mace da mijinta ya rasu a shekara ta biyu, ga goyo, ga sanyin ƙanƙara ya ƙarato, maƙwabci mafi kusa sai an yi tafiyar rabin yini a keken doki. In ta amince ta auri mutumin da ba ta sani ba don kada filin ya suɓuce, ba za ki ce marubuciya ta yi ƙari ba. Haka a Ingila: kafin dokokin 1870 da 1882, kusan duk abin da mace ta mallaka komawa hannun miji yake da zarar an ɗaura aure, gidaje da yawa kuma namiji kaɗai ke gadonsu. Yarinyar da ta ƙi attajiri don ba ta yarda da halinsa ba, da abincin ƙannenta take caca. Wadda ba ta san wannan ba sai ta ɗauka yanga ce.

Na uku, ki rage gudu. Ba a nuna abin da ke bayan labule a waɗannan littattafai, saboda haka so yana ɓuya ne a ƙananan abubuwa. Ta tashi da asuba ta tarar an faskare itace an jera bakin ƙofa, bai ce uffan ba. Shi kuma ya ɗauki rigarsa ya ga an mayar da maɓallin da ya tsinke, da zaren da launinsa bai zo ɗaya ba, don shi kaɗai ya rage mata. Wadda ta taso da littattafan soyayya na Kano ba baƙuwa ba ce a nan, ta san yadda kunya ke sa kallo ɗaya ya yi nauyin shafi goma. Mai tsallake shafi tana neman inda za a furta so, ita ce ke cewa littafin ba armashi.

Sai zancen bangaskiya. Gwajina ɗaya ne: in na cire addu'o'in da wa'azin fasto, labarin zai canza? In bai canza ba, an liƙa su ne kawai, kuma irin waɗannan suna da yawa, ba na ɓoyewa. Mai kyau shi ne wanda gafara ke ci wa jarumar tuwo a ƙwarya, sai ta yafe wa wanda ya cuce ta sannan zuciyarta ta iya karɓar wani. Zai taimaka ki karanta littafin Rut da ke cikin Littafi Mai Tsarki tukuna, sura huɗu ne kacal. Ki lura da inda Bo'aza, mai gonar, ya ce wa masu girbi su riƙa zare zangarniya suna yar wa Rut, baƙuwar da ke kala, kada kuma su tsawata mata. Jarumai da yawa daga wannan gonar aka ɗebo su. Surori uku na farkon littafin annabi Yusha'u (Hosea da Turanci) su ma ana yawan gina labari a kansu. Musulma da ke karatu don nishaɗi ita ma za ta fi gane inda aka dosa in ta san labaran nan biyu.

Ki kuma bar idonki a buɗe. Filin da aka riƙa rabawa kyauta ɗin nan yana da masu shi, ƙabilun asalin ƙasar irin su Lakota da Shayen, kuma ba a hana bautar da mutane a duk Amurka ba sai 1865. Wasu marubutan sukan share wannan kamar ba a yi ba. Ki duba bayanin marubuciya a shafukan ƙarshe, nan takan faɗi abin da ta samo a tarihi da wanda ta ƙaga.

Sauran ƙanana ne. In jerin littattafai ne, fara da na ɗaya. Sauke babin gwaji a Kindle, manhajar karanta littattafai ta Amazon, kafin ki biya. Kada ki tsaya buɗe ƙamus kan kowane sunan riga ko keken doki. Ja layi da fensir ki wuce, in kalmar ta dawo sau uku sannan ki neme ta.